Kafin a killace shanu, a yi tanadin gobara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tsoma baki a zancen killace dabbobi da ya sake tasowa tun da aka kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024. Ana yawan buga mana misali da manyan gidajen gonar Amurka, amma ba a cika faɗin abin da wuta ke yi musu ba.

A ƙarshen Fabrairun 2024 gobarar Smokehouse Creek ta tashi a arewacin jihar Texas, ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya, mafi girma a tarihin jihar. Ruɓaɓɓiyar falwaya ce ta karye, waya ta faɗa kan busasshiyar ciyawa, iska ta ƙarasa aikin. Dubban shanu sun halaka, da yawa a jikin waya mai ƙaya, inda suka ruga suka tarar ba mafita. Waɗanda suka tsira da ƙonannen kofato da hantsa kuwa, masu su ne suka ƙarasa su da hannunsu, don saniyar da ba ta iya tsayuwa ko shayar da ɗan maraƙi ba ta da sauran magani. Bafulatani in ya hango hayaƙi sai ya kaɗa garkensa ya yi gaba. Saniyar da ke cikin shinge ina za ta?

Ko cibiyoyin bincike ba su tsira ba. A 2018 wuta ta lashe kusan kashi biyu cikin uku na filin cibiyar Hopland ta Jami'ar Kalifoniya. Abin lura, inda tumaki suka riga suka kiwace ciyawa, wutar ba ta yi ƙarfi ba.

Ni dai ba na adawa da killacewa. Amma mu da hunturu ke busar da komai, ga masu cinna wa daji wuta don gafiya, ya kamata duk filin da za a killace a share masa faffaɗar hanya kewaye tun da kaka, kamar yadda ake yi a makiyayun Nijar, a bar ƙofofin da za a buɗe cikin gaggawa, a nisanta rumbun harawa da garke. Masanan cibiyar binciken dabbobi ta Shika su faɗa mana faɗin da ya dace da irin ciyawarmu.

Wassalam,
Wani mai karatunku daga Zariya