A tantance mai magana kafin a rubuta ta a bangon makaranta

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan gyaran azuzuwan firamare a karkara, na kuma lura da maganganun hikima da ake rubutawa da fenti a jikin bango. Ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma abin da ke damuna shi ne sunan da ake liƙa wa waɗannan maganganu.

A bangon wata makaranta da ke kan hanyarmu an rubuta "Son ƙasa yana daga imani", aka sa "Hadisi" a ƙasa. Malaman hadisi irin su Sagani sun daɗe da bayyana cewa wannan ba maganar Annabi (SAW) ba ce. Ma'anarta mai kyau ce, amma jingina ta gare shi babban laifi ne, ga shi yara suna haddace ta kullum da safe.

Ko maganar nan da muke so, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo ta ne a littafinsa Bayan Wujubil Hijra a 1806, alhali tana cikin littafin Siyasatnama na Nizamul Mulk, wani waziri a ƙasar Farisa, wanda ya rasu a 1092. Shehu malami ne mai naƙalto na gabansa, kuma yaro ya cancanci ya san haka.

Ina roƙon hukumar ilimin firamare ta jiha ta sa malaman Larabci da na Hausa su duba kowace magana kafin mai fenti ya ɗauki burushi. Wadda aka rasa tushenta, a rubuta "Hausawa sun ce" in karin magana ce, in ba haka ba a bar ta babu suna.

Naku,
Malamin firamare, ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa