Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Maza Masu Ciwon Kumburin Hanji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan maza masu kumburin hanji mai daɗewa, wato cutar Crohn da 'yar'uwarta mai yi wa babban hanji gyambo. A nan akan ɗauke su atuni ko basir, sai mutum ya daɗe yana gudawa da jini kafin a leƙa hanjinsa da na'ura.

Akwai wahalar da ba ta shiga katin asibiti, ita ce ta shimfiɗar aure. Magidancin da jininsa ya yi ƙasa, yana kwana zaryar banɗaki, wani ma da ƙurji mai yoyo a gefen dubura, ina zai samo sha'awa? Damuwa ta ƙaru, gaba ya ƙi miƙewa. Likita bai tambaya ba, shi kuma kunya ta ɗaure masa baki. Daga nan sai tasha, wurin mai lasifika da ke rantsuwa basir ne ya kashe masa ƙarfi, ya sayar masa da jiƙon da zai ƙara tsuga masa zawo.

Maganin asibitin ma da nasa. Salfasalazin, wanda talaka ya fi iya saya, yana rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi. Idan aka dakatar da shi sukan dawo cikin wata 2 zuwa 3, kuma ga mesalazin da yawanci ba ya jawo haka, sai dai tsada. Ango nawa aka yi wa wannan bayani? Ciki ya ƙi samuwa, dangi su ɗora wa amarya laifi, a yi ta yawo da ita gidan masu magani. Tiyatar cire ƙarshen hanji kuwa tana iya taɓa jijiyoyin da ke miƙar da gaba, ya kamata mutum ya sani tun kafin ya sa hannu.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ka umarci asibitocin koyarwa su sa tambayar shimfiɗa da haihuwa cikin takardar ganin masu wannan ciwo, a yi ta a keɓe, ba a gaban ɗalibai ba. A kuma sa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta ɗauke wa majinyata nauyin mesalazin da kuɗin leƙa hanji. Ranar 19 ga Mayu ce ranar wannan ciwo ta duniya. A ba likitocin hanji fili a rediyo su yi bayani da Hausa.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya daga Kano