Biri da gyara

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da sauran 'yan uwanmu na zangon Kumasi. Mu nan Kano sai godiya, hazo ya sauka, kasuwa kuma tana nan tana rarrafe.

Ka tuna musun da muka daɗe muna yi a rumfa kan matan nan biyu masu gyaɗa? Ɗaya tana cika gwangwani har ya yi tozo, sannan ta sa hannu ta rage. Ɗayar kuwa tana aunawa a shafe, ta ɗora gyara. Ka ce awon ɗaya ne, sakarci ne kawai ke kai mu wajen mai gyara. To, na samo maka shaidu, amma birai ne.

A jami'ar Yale ta Amurka, wani masanin tattalin arziki, Keith Chen, da masaniyar halayyar dabbobi Laurie Santos, sun koya wa wasu ƙananan birai na Kudancin Amurka ciniki da 'yan faifan ƙarfe masu kama da kwabo. Biri ya miƙa kwabo, a ba shi yankan tuffa ko inabi. Kowa ana ba shi 12 ya shiga kasuwa. Da aka karya farashin tuffa, kwabo ɗaya ya koma yanka biyu, sai suka ƙara sayen tuffa, kamar uwargida ta tarar da tumatir ya yi araha. An wallafa binciken a 2006.

Ga inda musunmu ya shigo. Aka tsayar da masu sayarwa biyu. Na farko yana nuna yanka ɗaya, amma rabin lokaci sai ya ƙara ɗaya. Na biyu yana nuna biyu, rabin lokaci kuma ya ɗauke ɗaya. Ka lissafa da kanka, abin da biri zai samu a ƙarshe bai bambanta ba. Duk da haka, kusan sau 7 cikin 10 wajen mai gyara suke kai kuɗinsu. Abin da ido ya riga ya gani, zuciya ta ɗauka nata ne, in aka rage sai ta ji kamar an yi mata ƙwace. Biri dai ya yi kama da mutum.

Ban yarda da masu cewa biran sun gane kuɗi ba, gaskiya. Ba su tara kuɗi, ba su ba da bashi. Amma kakanninmu ma da kuɗin wuri suka yi ciniki, ƙwanson da ba ya ciyuwa, ba ya ɗinkuwa, darajarsa kawai ita ce wani zai karɓa.

Akwai kuma binciken masana Sarah Brosnan da Frans de Waal a 2003: biri yana miƙa tsakuwa ana ba shi kokwamba yana ci lafiya lau, har sai da ya ga an ba maƙwabcinsa inabi a kan tsakuwa irin tasa. Daga nan wasu suka ƙi karɓa, har da jefar da kokwambar.

In ka tashi zuwa da sallah ka taho min da goro, kuma kada a manta gyara. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na rumfa