Kafin a ce bod ya mutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da matasanmu da suka shiga harkar haɗa kwamfutar tebur da hannunsu, da kuma 'yan kasuwar da ke sayar musu da kaya. Gyaran kwamfuta ne sana'ata a nan Kano, kuma rigimar da ke yawaita tsakanin ɓangarorin nan biyu ta dame ni ƙwarai.

Yaro zai daɗe yana tara kuɗi, ya sayi bod (babban allon da ake soka sauran kaya a jikinsa) da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ram (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) da fawa (akwatin da ke ba ta wuta), wasu a nan kasuwa, wasu a aiko masa daga Legas. Ya kai gida ya haɗa, ya danna maɓalli, shiru. Ko kuma fanka ta yi ta juyawa, monita baƙi ƙirin. Washegari sai ga shi a ƙofar shago da kwali a hammata, wai an sayar masa da mataccen bod. Mai shago ya rantse lafiya lau ya ba shi, shi ne ya ƙona. A tara jama'a, a ɓata wa juna rai, wani lokacin har a kai ga hukuma. Abin da nake gani a kan teburina kuwa shi ne, akasarin waɗannan kwamfutoci babu abin da ya mutu a cikinsu. Wani abu ne bai zauna daidai ba, ko wasu kaya biyu ne ba su san juna ba.

Ni dai ina murna da yaran nan. Wani tace bidiyon biki yake yi, wani zanen gine-gine, wani haɗa wa cibiyoyin jarrabawar JAMB na'urori yake. Wanda ya haɗa tasa da kansa ya san abin da ke cikinta, gobe zai iya ƙara mata ram ba tare da ya nemi kowa ba. Ba na son karon farko ya kashe musu gwiwa.

A fara da wadda ta yi shiru ɗungurungum. Akwai makunni a bayan fawa, a duba ko an kunna shi, kada a ce abin ya yi ƙanƙanta da a ambata. Sai babbar wayar nan mai baki 24 da ke shiga gefen bod. Tana da tauri, mutane suna tsoron danna ta, sai su bar ta ta shiga rabi. Sai an ji ƙugiyarta ta kama tukuna ta zauna. Bayan ita akwai wata mai baki 8 da ke shiga can kusurwar sama, kusa da firosesa, ita ce ke ba firosesa wuta. Ita aka fi mantawa, domin da zarar an ɗaura bod a cikin akwati wurin yakan ɓuya. Idan babu ita, a wasu bod ɗin fankoki za su juya, fitilu su kama, amma ba za a ga komai a monita ba. A kuma kula, wayar katin hoto, wato katin da ke fitar da hoto zuwa monita, ita ma baki 8 gare ta, sai dai nata yana rabuwa gida biyu, 6 da 2, na firosesa kuwa 4 da 4. Ba a musanya su. Duk wayar da ta ƙi shiga sai da ƙarfin tsiya, to ba gidanta ba ne.

Sannan 'yan siraran wayoyin da ke fitowa daga gaban akwati. Maɓallin kunnawa ba wani abu yake yi ba illa haɗa allurai biyu na ɗan lokaci. Idan an soka wayarsa a alluran da ba nasa ba, a danna har gobe ba za ta tashi ba. Mu masu gyara cire wayar muke yi, mu nemo alluran nan biyu a littafin bod, mu taɓa su tare da bakin sukudireba sau ɗaya. In ta tashi, an gane laifin na waya ne ko na maɓalli.

Idan duk wannan bai yi ba, shawarata ita ce a daina laluben cikin akwati. A fito da bod waje, a ɗora shi a kan kwalin da ya zo ciki. A bar masa firosesa da fankarta, ram guda ɗaya, da fawa. Komai da komai a cire: ma'ajiyar bayanai, wayoyin gaba, fitilun ado. Dalili shi ne, ƙarƙashin bod cike yake da ɗigon dalma, kuma wasu 'yan ƙusoshi ne ke ɗaga shi daga jikin ƙarfen akwati. In aka bar ƙusa ɗaya a inda bod ba shi da rami, ko aka ɗaure shi kai tsaye a jikin ƙarfe, wuta za ta haɗu, fawa ta kare kanta ta ɗauke. Kwamfutar da ta tashi a kan kwali ta ƙi tashi a cikin akwati ta riga ta faɗi inda ciwonta yake. Daga nan sai a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ana kunnawa, har a kai ga wanda ya kawo matsalar. Wanda ya canja abu uku a lokaci guda, ko ta tashi bai san abin da ya gyara ba.

Ram shi ne babban mai laifi a wurina. Yana iya zama a ido kamar ya shiga alhali gefe ɗaya a ɗage yake. A danna shi da manyan yatsu biyu har a ji ƙas. A bod mai ramuka huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen firosesa ake fara cikawa, littafin yakan kira su A2 da B2. Nau'o'in ram na DDR4 da DDR5 kuma ba sa shiga gidan juna, an sa tsagar da ke ƙasansu a wurare daban. Sabbin bod masu DDR5, musamman na AMD, sukan ɗauki mintuna a kunnawar farko suna gwada ram, allo baƙi, babu alamar komai. Mai gaggawa sai ya zare wuta, ya sake kunnawa, ya sake zarewa, alhali da ya zauna ya sha ruwa da ta tashi da kanta.

Bod da yawa na zamani suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT. Inda fitila ta tsaya, nan binciken kwamfutar ya tsaya. Wannan ya kawo ni ga wani matashi da ya shigo mini kwanakin baya, idonsa jawur. Ya sayi bod B450 sabo fil a kwali, ya sayi firosesa Ryzen 5 5600 a wani shagon, fitilar CPU ta kama ja ta ƙi sauka. Ya riga ya yi sa-in-sa da masu shagunan biyu. Ya ce mini, "Yaya, wallahi ɗayansu ya cuce ni, ka duba ka gaya mini wane ne." Na juya kwalin bod ɗin ina neman 'yar takardar da ake mannawa in an sabunta BIOS, wato 'yar manhajar cikin bod da ke fara tayar da kwamfuta, babu. Na ce masa, "Ƙanena, zauna. Ba wanda ya cuce ka." B450 ya fito a 2018, dangin Ryzen 5000 kuwa sai ƙarshen 2020 suka fara fitowa. Bod ɗin da ya daɗe a sito yana ɗauke da tsohon BIOS bai san wannan firosesa ba, ko da bakinta ya shiga ramin daidai. Allah ya taimaka nasa yana da ɗan maɓallin nan na baya da ke sabunta BIOS ba tare da kwamfuta ta tashi ba. Muka sauke fayil daga shafin kamfanin, muka zuba a filashin da aka tsara da FAT32, muka soka a ramin da aka ware, muka danna. Fitila ta yi ta ƙyaftawa na wasu mintuna, ta mutu. Da muka kunna, sai ga tambarin kamfani a monita. A bod ɗin da ba shi da wannan maɓalli, sai an ari tsohuwar firosesa an saka, an sabunta, sannan a mayar da sabuwar.

Akwai kuma abin da ya kamata mai sayarwa ya faɗa tun a shago. Firosesar Intel da lambarta ta ƙare da F, irin su i5-12400F, ba ta fitar da hoto da kanta. Haka ita ma 5600 ɗin nan, sai dai 'yar'uwarta 5600G ce ke fitar da hoto. Ramin HDMI da ke bayan bod yana nan, amma da irin waɗannan firosesa ba abin da zai fito ta cikinsa. Dole sai da katin hoto, kuma a jikin katin ake soka wayar monita, can ƙasa.

Yanzu maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato fawa. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a kan firosesa da katin hoto, in aka zo kan fawa sai ya ce a ba shi mai sauƙi. Araha ba ta ado. Za ka ga an rubuta mata wat 500 ko 600, ka ɗaga ta ka ji ba nauyi, domin an rage kayan ciki. Irin wannan tana iya juya fanka, amma da katin hoto ya nemi wuta sai ta ɗauke, kwamfuta ta yi ta kashe kanta tana kunnawa. Ga kuma irin wutar da muke samu, yanzu ta yi ƙasa, an jima ta dawo da ƙarfi, an jima a koma ƙaramin janareta. Tsofaffin fawa na hannu da ake kawowa daga Amurka wasu suna da jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Aka bar shi a 115 aka soka, ƙara za a ji da hayaƙi. Fawa mai wayoyin da ake cirewa kuma, kada a ara mata wayar wani kamfani don baki ya zo ɗaya, jerin cikinsu ya bambanta, kuma ta nan ake ƙona ma'ajiya da kati da gaske. Kada kuma kowa ya sabunta BIOS sai da UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ko inbata, domin a ɗauke wuta ana tsakiyar aikin yana iya mayar da lafiyayyen bod matacce.

Lokacin hunturu iska ta bushe, kowa ya san tartsatsin da ke ɗana mutum in ya taɓa ƙofar mota. Wannan ya isa ya illata ram ko firosesa. A haɗa kaya a kan teburin katako, ba a kan darduma ko katifa ba, a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki komai, a kama shi ta gefe.

Wadda ke tashi ta mutu bayan ɗan lokaci kuwa, a fara zargin zafi. A ƙasan fankar firosesa akwai siririyar leda da ake ɓarewa kafin a shafa man sanyaya. Na sha buɗe kwamfuta in tarar da ita a wurin, rubutun gargaɗin jikinta ma bai goge ba. A zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40, irin wannan ba za ta jure ba. In kuma an taɓa saitin BIOS ta rikice, a zare wuta, a cire ɗan batirin nan CR2032 na wasu mintuna a mayar. Wadda ta nuna BIOS amma ta ce ba ta ga manhajar da za ta tashi da ita ba, lafiyarta ƙalau, sabuwar ma'ajiya ce babu komai a ciki. Mai saka Windows 11 ya tabbata TPM 2.0, wato abin tsaron da Windows 11 ke buƙata, a kunne yake, a bod na AMD ana kiran sa fTPM, a na Intel PTT. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, tambaya a kan TPM za ta ƙara yawa.

Ban ce babu mataccen kaya a kasuwa ba. Akwai, musamman na hannu. Bod ɗin Intel allurorinsa a cikin ramin firosesa suke, sirara kamar gashi, guda ɗaya ta lanƙwashe ta isa ta hana ram aiki. A bod ɗin AMD masu ramin firosesa na AM4 kuwa a jikin firosesar suke. Mai saye ya haska fitilar wayarsa ya duba su a gaban mai shago kafin ya biya, ya kuma buɗe shafin kamfanin bod ya ga ko firosesarsa na cikin jerin waɗanda yake ɗauka, da lambar BIOS ɗin da ake buƙata.

Ku kuma 'yan'uwana masu shaguna, don Allah ku tambayi yaro firosesar da zai saka kafin ku miƙa masa bod. Ku ajiye fawa da monita ɗaya a shago, a gwada a gabansa ya ga hoto da idonsa, a rubuta a rasit cewa an gwada. Aikin 'yan mintuna ne, ya fi a kwana ana rantse-rantse.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka ware wani shafi, ko sau ɗaya a wata, da masu sana'ar nan za su riƙa amsa tambayoyin masu karatu da Hausa. Littattafan da ke zuwa cikin kwali da Turanci suke, yaranmu da yawa kuma hannunsu ya iya aikin tun kafin su ƙware a karatun. Akwai mu da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da za mu amsa kira in an neme mu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta, Kano