Dan Allah a koya wa mutum babur kafin a miƙa masa makulli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita dan Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda mutane suke hawa babur yanzu babu wanda ya koya musu.

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki kuma ba ta tsaya nan ba, duk unguwar da ka shiga a Kano sai ka ga mota an lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida, mai ita ya koma babur. Ban ga laifin kowa ba wallahi, aljihu ne ya sa. Amma da yawa cikin masu sayen nan ko dai ba su taɓa hawa ba, ko kuma rabonsu da shi tun suna samari.

Maƙwabcina ne ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu. Dattijo ne ma'aikaci, ya haura shekara hamsin, mutum mai natsuwa, ya ajiye motarsa ya je ya sayo babur ɗin nan da ake kira roba-roba, sabuwa dal a leda. Duk karatun da aka yi masa a wurin sayen bai fi minti biyar ba, ga totur, ga giya, ga birki, Allah ya sa alheri. Kwana tara yana hawa, ranar na goma da safe zai sha kwana a bakin layinmu inda ruwan sama ya tara yashi a kan kwalta, sai wani yaro ya gifta da gudu, shi kuma ya danne birkin ƙafa da iya ƙarfinsa, tayar baya ta zame, babur ya kwanta da shi, kafaɗa ta karye kuma kai ya daki bakin kwalbati. Ni na ɗauko hularsa zanna a cikin kwata, takalminsa ɗaya kuwa can tsallaken titi muka same shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma sati uku ya yi a kwance a asibiti kuma har yau idan yana magana sai ya tsaya yana laluben kalma. Da na je dubiya na tambaye shi, Alhaji me ya hana ka kama birkin gaba? Sai ya ce min ai an ce masa kar ya kuskura ya taɓa shi, wurgar da mutum yake. Wannan magana ita ta hana ni barci, don na san dubban mutane haka aka gaya musu.

Ni a gidan babur na tashi. Babanmu Allah ya jiƙansa malamin firamare ne, da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, a 1975 shi ma ya shiga sahun ma'aikatan da suka yi sayayya, wasu rediyo wasu keken ɗinki, shi Honda 175 ya kawo gida, baƙa mai salansa biyu. Tun yana kan kwanar masallaci muke gane ƙararta, wata irin ƙara mai taushi ba hayaniya, sai ka ga kowa ya gyara zama, mai wasa ya jawo allonsa. Ranar Juma'a da hantsi ake wanke ta, ni aikina goge waya-wayan taya da tsumma ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa jin nauyin aikin ba don kawai in taɓa ta. Abokinsa kuma Basfa gare shi, mai giya a hannun hagu, ka matse kuloci ka murɗa hannun gaba ɗaya, ga tayar safaya a gefe, idan ta ƙi tashi da safe sai ya karkata ta gefe ɗaya na ɗan lokaci kafin ya buga kik. Wanda duk ya yi zamanin nan ya san Basfa ta manya ce, ba ka ganin mai ita yana gudu, babbar riga ce da hula da tafiya a hankali.

Amma wanda na koya a kansa Suzuki 100 ce ta yayana, irin mai hayaƙin nan shuɗi da ake zuba wa mai na daban a ƙaramin tanki a gefe, in ka manta ya ƙare to inji ya kama sai bakanike. Kuma ba rana ɗaya aka ba ni ba. Wata da watanni ina tura ta daga zaure zuwa waje in mayar, in kwance fulogi in kankare baƙin da ya taru a kai, in duba cen in ya saki in ɗaure, in latsa taya in ji iska. A lokacin ina ganin kamar Yaya wahalar da ni kawai yake, ashe nauyin babur yake so hannuna ya sani. Ranar da ya yarda zan hau filin makarantar firamare ya kai ni bayan la'asar da yara sun watse, ya ce ba zan sa giya ta biyu ba sai na iya tashi da tsayawa sau ashirin babu mutuwar inji. Kuloci ya ba ni wuya sosai, in na sake shi da sauri ta yi tsalle ta mutu, shi kuma yana tsaye yana cewa a hankali, saurari injin, zai gaya maka. Daga nan ya jera gwangwanayen madara a ƙasa ya ce in dinga zagaya su, ya ce kar ka kalli gwangwanin, kalli inda kake son zuwa, don babur inda idonka yake nan yake bi. Wannan kalma ta cece ni ba sau ɗaya ba, in ka ƙura wa rami ido to cikinsa za ka faɗa.

Sai maganar birki, kuma nan nake so masu karatu su tsaya da kyau. Idan ka kama birki nauyin babur da naka duk gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa ta baya kuma ta yi sakayau, shi ya sa mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, na baya taimako ne. Wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai zai ja taya a ƙasa ƙiiii yana tafiya bai tsaya ba, in akwai yashi ko ruwa kuma gindin babur ya juya da shi. Gaskiya ne in ka fizgi na gaba gaba ɗaya lokaci guda, musamman kana cikin kwana ko kan rairayi, zai kayar da kai, daga nan tsoron ya samo asali. Maganin shi ne ka matsa shi a hankali kamar kana matse lemo, ka ƙara ƙarfi sannu sannu, tare da na baya, kuma ka rage gudunka tun kafin ka shiga kwana ba a tsakiyarta ba. Wannan abu ba a koyonsa ranar da yaro ya gifta, a fili ake koyonsa sau ɗari har hannu ya saba da kansa. Ina ganin babura a gari an bar wayar birkin gaban a tsinke wata da watanni, raina ɓaci yake.

Ina ga abin ya fara lalacewa ne lokacin da acaɓa ta cika gari, da Jincheng ta shigo da arha sannan Bajaj ta biyo baya. Yaro zai zo daga ƙauye yau, gobe an ba shi babur ana jiran balas da yamma, ina lokacin koyo? Su ma neman halal suke kuma sun rufa wa gidaje da yawa asiri, amma a nan aka saba da cire madubi tun ranar farko wai yana hana kutse, aka saba da goyon mutum uku huɗu. Gwamnati ta hana goyon haya a cikin Kano a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, 'yan acaɓa da yawa suka koma adaidaita sahu, to amma ɗabi'un ba su tafi ba, sun zauna a jikin masu hawa na kansu.

Hular kwano kuwa kowa ya tuna abin da ya faru a farkon 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sawa, wasu suka dinga kifa ƙwarya a ka, wasu hular 'yan gini, fasinja kuma suna gudun ta wai ƙwarƙwata ko cutar fata, wasu ma suna cewa za a yi musu asiri da ita. Abin ya zo ya wuce kamar ba a yi ba. Ni dai abin da na sani, ƙafa in ta karye akwai ɗori, akwai asibitin ƙashi na Dala, amma ƙwaƙwalwa ba ta da ɗori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa hular kwano ta gaske tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Kuma ba ƙwaryar wajen ce take aikin ba ita kaɗai, wannan farin soso mai tauri na ciki shi yake shanye bugun, shi ya sa ta 'yan gini ba ta wadatar ba, kuma in ba ka ɗaure igiyar a haɓa ba kafin ka kai ƙasa ta riga ta yi nata wuri. Na san da zafi, watan Afrilu a Kano ba wasa ba, ni ma gumi nake sha a cikinta. Hulata ta ka sai in ninke ta in sa a aljihu, in na isa in mayar.

Iyayenmu mata da 'yan'uwa ina roƙonku da girman Allah ku dinga tattare hijabi da mayafi a cinya kafin a tashi, mu maza ma haka babbar riga. Na ga da idona yadda bakin hijabi ya shiga cen ya naɗe, ya fizgo baiwar Allah ta baya ta faɗo a kan titi, mijin bai ma san me ya faru ba sai da ya ji babur ya yi nauyi. Ga tabon salansa da kusan kowane gida akwai yaron da yake ɗauke da shi a ƙwauri, ga silifas da ake hawa da su yatsu a waje. Sannan tirela da tifa, kar ka taɓa raɓa su ta gefen dama lokacin da za su sha kwana, direban yana can sama ba ya ganinka, in kai ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba to shi ma bai san da kai ba. Masu latsa waya a kan babur kuma su sani, a gudun kilomita 60 a awa kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa ɗaya, kallon saƙo na daƙiƙa biyu ka wuce mita talatin ido a rufe.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaro ɗan shekara sha biyu sha uku da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, an ba shi makulli ya je cefane ko ya kai ƙannensa Islamiyya, uban yana alfahari wai yaron ya iya. Doka ta ce sai shekara 18 ake ba da lasisi, kuma babur yana da nasa ajin lasisin, aji A, mutane nawa ne cikinmu suka ma san da haka? Ga gangancin ɗaurin aure, samari su cire salansa su ɗaga tayar gaba a tsakiyar jama'a, gidan biki ya koma gidan makoki.

Roƙona ga dillalan babur, ku haɗa da hular kwano mai kyau a cikin kuɗin, kuma ku daina cewa mutane kar su taɓa birkin gaba. Hukumar Kiyaye Haɗurra da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, su samu filaye a unguwanni ko da ranar Asabar ce kawai a dinga koya wa sababbin mahaya kyauta, akwai tsofaffin 'yan acaɓa da kanikawa masu hankali da za su yi wannan aiki in an neme su. Limamanmu ma su taɓo maganar a huɗuba, rai amana ce.

Ni dai na fara da nawa. Ɗan maƙwabcin nan nawa shi zai karɓi roba-robar tunda baban ya ce ya haƙura, na ce masa ba zai fita titi da ita ba sai ya yi wata guda a hannuna. Asabar ɗin da ta wuce muka fara a filin makarantar bayan gidanmu, na tara gwangwanayen madara guda shida, na ba shi tsohuwar hular kwanona, zuwa magariba ya iya tsayawa da birki biyu sau goma sha ɗaya taya ba ta ja ƙasa ba. Saura tara ya cika ashirin irin ta Yaya, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tsohon mahayin babur, daga Kano