A biya masu kula da larurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye su zauna a karkara

Assalamu alaikum Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato rashin masu kula da larurar ƙwaƙwalwa da masu shaye-shaye a ƙananan hukumominmu. Ni ma'aikacin jinya ne, a babban asibitin wata ƙaramar hukuma na yi yawancin aikina har na yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne ma'aikacin da ya karanci wannan fanni ba ya zama a karkara, kuma ba zai zauna ba sai an sa masa kuɗi na musamman kuma kuɗin na shigowa a kan lokaci.

Maganar ƙwaya dai ba sai an faɗa wa kowa ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce, a Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya. A shekarar ce gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi bayan binciken da BBC ta yi. Tun daga lokacin kullum sai ka ji hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama katan kaza na taramol, ta ƙone tan kaza na wiwi, Allah ya saka musu da alheri, amma yaron da ya riga ya kamu fa, wa zai duba shi? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, su ɗin ma yawancinsu suna manyan birane, wasu kuma kullum suna haɗa takardun tafiya Ingila ko Saudiyya. Mu nan Arewa in ka cire asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri da Dawanau a Kano da Kazaure da sassan asibitocin koyarwa, to kusan ka gama lissafi.

Edita ka ɗauki uba talaka a ƙauye wanda ɗansa ya birkice, ko saboda egzol da sholisho ko kuma ciwo ne kawai daga Allah. Direban haya ba zai yarda ya sa shi cikin fasinja ba, dole sai an yi shatar mota, a nemo ƙarti biyu su riƙe shi, a sayar da akuya ko buhun gero a tafi birni, a kwana a barandar asibiti. In an yi dace ya samu sauƙi sai a sallame shi a ce ya riƙa dawowa duk wata ana yi masa allura ana ba shi magani. Wata na farko za su je, na biyu za su yi ƙoƙari, damina na faɗuwa kuɗi ya tafi taki shi ke nan an daina, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo sabo. Wallahi wannan allurar ta wata-wata nas ɗin da aka koyar zai iya yinta a asibitin garinsu, ya duba ko maganin yana sa masa karkarwa ko sanƙarewar wuya, ya zauna da iyayen ya yi musu bayani, amma babu nas ɗin. Daga nan sai gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300 wasu da sasari a ƙafa, sannan aka bi Daura da Katsina da wasu garuruwa aka rufe irin waɗannan gidaje, kuma rufewar daidai ce, sai dai iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba a nuna musu wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

An taɓa turo mana wani matashin nas da ya yi ƙarin karatu a fannin jinyar masu taɓin hankali, yaro mai haƙuri da iya magana da majinyata, har mutane sun fara jin labari suna zuwa daga ƙauyuka. Ɗakin da aka ba shi a kwatas rufin yana yoyo, matarsa da yara suna birni saboda makaranta, maganin da zai rubuta babu shi a famasi sai an aika kemis, wata rana wani majinyaci ya fasa masa baki da kujera da kuɗinsa ya yi magani, a gari kuma ana ce masa nas ɗin mahaukata. Albashinsa ɗaya da na abokinsa da ke birni wanda in ya tashi aiki yake zuwa asibitin kuɗi da yamma ya samu ƙari. Bai daɗe ba ya nemi tiransifa, kuma ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Kar a manta alawus ɗin haɗari na ma'aikatan lafiya naira 5,000 ya yi ta zama shekara da shekaru sai ƙarshen 2021 aka ƙara shi, alawus ɗin aikin karkara kuwa da ke cikin tsarin albashi, inda ake biya ma bai isa kuɗin man babur ba.

Kuma ba sabon abu nake roƙo ba, mun taɓa gwada irinsa. A 2009 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta fito da shirin tura ungozomomi karkara, aka ce gwamnatin tarayya za ta riƙa ba kowacce naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma ta ba da 10,000 da wurin kwana. Mata sun amsa kira, har waɗanda suka yi ritaya sun dawo, mun ga haihuwa a asibiti ta ƙaru a wasu wurare da idonmu. Abin da ya raunana shirin shi ne jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su riƙa biyan nasu kason ba, na tarayya ma ya riƙa yin jinkiri, ungozomomin suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. To in za a yi na masu kula da ƙwaƙwalwa don Allah kar a raba biyan gida uku, aljihu ɗaya ya biya, kai tsaye cikin asusun ma'aikaci, rana ɗaya da albashi, kwamitin lafiya na mazaɓa da mai gari su riƙa sa hannu cewa lallai mutumin yana zuwa aiki don kar 'yan alfarma su karɓi kuɗin suna zaune a birni.

Ni ba na ma mafarkin likitan ƙwaƙwalwa a kowace ƙaramar hukuma, ba mu da su. Nas biyu masu wannan horo a kowane babban asibiti, ɗaya lallai mace, domin matar aure da ta kamu da kodin ko wadda hankalinta ya gushe bayan haihuwa ba za ta buɗe wa namiji cikinta ba, mijinta ma ba zai kawo ta ba. A ƙarƙashinsu a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba duba larurar ƙwaƙwalwa, wanda dama don irin wurarenmu aka yi shi, su ma a sa musu ɗan wani abu don aiki ne aka ƙara musu. Likita kuma ya riƙa zagayowa lokaci-lokaci a biya shi kuɗin hanya da na kwana. Sannan jihohi su ɗauki 'ya'yan yankin su tura su makarantun jinyar ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da sharaɗin su dawo su yi wa garinsu aiki na wasu shekaru, ɗan gari ya fi baƙo jure zaman garinsu. A Amurka ma da duk arzikinsu haka suke yi, akwai shirin gwamnati da ke biya wa ma'aikacin da ke kula da masu shaye-shaye bashin karatunsa har dala 75,000 in ya yarda ya yi shekara uku a yankin da ke da ƙarancin ma'aikata. Mu ma yanzu tunda an fara ba ɗalibai bashin karatu na NELFUND a 2024, me zai hana a yafe wa wanda ya yarda ya yi wannan aikin a karkara?

Na san wasu za su ce in aka ba waɗannan sauran ma'aikatan lafiya ma za su ce sai an ba su. Haƙƙinsu ne su nema, duk wanda ke aiki a ƙauye ya cancanci ƙari, amma wannan fanni shi ne wanda ɗalibai suka fi gudu, shi ne aka fi zagi a kansa, dole a fara daga wani wuri. Kuma kuɗin ba daga sama za a nemo shi ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi asusu na musamman don wannan aiki, ga kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa da kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Roƙona gare ka Edita shi ne ka tura wakilanka su tambayi ma'aikatar lafiya ta tarayya nawa aka zuba a wancan asusu na lafiyar ƙwaƙwalwa tun da aka sa hannu a dokar, su kuma tambayi kwamishinonin lafiya na jihohinmu nas nawa masu horon ƙwaƙwalwa suke da su a wajen babban birnin jiha, da nawa ake ƙara musu a wata, ku buga mana amsar jiha-jiha kafin majalisun dokoki su zauna a kan kasafin kuɗi na gaba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya, daga Jihar Katsina