Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Maiwurno kan zabtarewar gaɓar kogi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da imani.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka manoman bakin kogi da masunta da masu gidaje kusa da gaɓa, mun kawo kuka. Kogin Nilu yana cin ƙasarmu a nan Maiwurno ta Sudan. Nan ne iyaye suka sauke kaya tare da Muhammadu Bello Mai Wurno bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, kuma gonakin da suka bar mana ne ke faɗawa ruwa.

Ranka ya daɗe, kowa na tuna 2020, lokacin da ruwa ya haura mita 17 da rabi a Khartum, ya zarce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. An kawo tantuna da abinci, mun gode. Amma gaɓa ba ranar cikar kogi take faɗuwa ba, sai bayan masu agaji sun tafi. Ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, igiyar ruwa ta rarake gindinta, sai ruwa ya janye da sauri ya bar ta ba madogara. Da fari tsaga ce siririya tsakanin layin ayaba, ko yatsa ba ya shiga. Kwana kaɗan ƙafa ta shige. Wani dare a ji rugugi, da safe mangwaro yana kwance cikin ruwa, saiwa a sama, bututun injin ban-ruwa na reto.

Tun da babban dam na Habasha ya fara tara ruwa a 2020, laka ta ragu, lokacin hawa da saukar kogi ma ba yadda muka saba ba ne. Ruwan da bai ɗauko laka ba, a gaɓarmu yake ɗiba. A cikinmu kuma akwai masu hannu: masu haƙar yumɓun jan bulo a gindin gaɓa, da masu saran bagaruwa don gawayi, abin da ya ƙaru tun ɓarkewar yaƙi a 2023. Mun san yunwa ce, ba mugunta ba, amma saiwar bagaruwar nan ita ke riƙe ƙasa, ita ce kuma itaciyar da ke jure tsayawa cikin ruwa wata da watanni.

Muna roƙon Sarki ya kai maganarmu gaban hukumomin jihar Sinnar da na ban-ruwa, a turo injiniyoyi su auna wuraren da suka fi lalacewa, a jera kwandunan waya cike da duwatsu a kwanar da ruwa ke duka. Buhunan ƙasa mun gwada, damina ɗaya suke yi. A kuma riƙa sanar da gari kafin a buɗe ƙofofin dam na Rusairis da na Sinnar.

Abin da ke hannun fada kuwa, muna roƙon a tsayar wa masu bulo wuri nesa da gaɓa, a hana saran itace a bakin kogi, Sarki ya sa a yi shelar gayya bayan sallar Juma'a. Duwatsu da amalanken jakuna da dashen bagaruwa mun ɗauka. Waya da motar haƙa ne suka fi ƙarfinmu. Aikin kuma na rani ne, kafin ruwan Yuli ya iso.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga talakawanka,
manoman bakin kogi, masunta da mazauna gaɓa, Maiwurno